Yadi Talatin da Na Je Nema Wurin Mai Walda

Ni ɗan Kantin Kwari ne. Sama da shekara ashirin ina yanka shadda, don haka ranar da na fara shiga filin golf aka ce mini a nan ma da yadi ake awo, sai na ji kamar shago aka mayar da ni. In an ce daga nan zuwa rami yadi 360 ne, a raina sai in ce turmi sittin na atamfa ke nan, tunda kowane turmi yadi shida ne. Lissafin bai ba ni wahala ba. Bugun ƙwallon ne ya gagare ni.

Likita ne sila. Hawan jini ya fara leƙowa, tumbi ya fara riga ni shiga ɗaki, aka ce sai na riƙa tattaki. Wani abokin kasuwancina da ya daɗe yana zuwa filin da ke Club Road ya ce in biyo shi, ramuka 18 ne, kafin ka gama ka taka kilomita bakwai ko takwas ba ka ankara ba. Na bi shi don tattakin. Ba a yi wata uku ba wasan ya shiga jinina.

A cikin waɗanda muke fita da su ran Asabar akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, ya doshi saba'in, siriri kamar sillen kara. Baba muke ce masa. Idan muka ɗauko doguwar sandar nan da ake buɗe wasa da ita, wadda ake kira direba (ranar farko da aka ce in ɗauko direba, yaron da ke tuƙa ni na waiga ina nema), ni sai in cije leɓe in zuba iya ƙarfina, ƙwallo ta tsaya a yadi 170. Baba kuwa ya zo a natse, ya kaɗa sanda kamar mai korar ƙuda, tasa ta wuce tawa da yadi talatin. Turmi biyar cur. Kowace Asabar haka, ga ni da shekara 46 da damtse kamar na mai gidan burodi.

Na yanke wa kaina hukunci cewa ƙarfin hannu ne bai isa ba. A lokacin duk wanda ke kallon golf a YouTube ya san labarin Bryson DeChambeau, Ba'amurken da ya cika jikinsa da tsoka a 2020, ya kuma lashe gasar US Open ta shekarar da tazarar bugu shida. Ban tsaya tambayar kowa ba. Na tafi Ƙofar Ruwa na sayi bututun ƙarfe mai tsawon sandar golf, na kai wa mai walda ya liƙa masa dunƙulen ƙarfe a kai, na naɗe mariƙin da roba. Da na ɗora shi a sikelin mai nama, kilo biyu da rabi ya yi. Direba ta gaske da kyar take haura giram 300. Na ce madalla, wanda ya saba da wannan ai direba za ta zame masa tsinke. Na haɗa da gwangwanayen madara biyu da aka cika da siminti, irin na samarin unguwa masu ɗaga ƙarfe.

Kullum bayan asuba sai in tsaya a tsakar gida in kaɗa ƙarfen nan sau ɗari. Mako na uku gwiwar hannuna ta fara zugi, har ɗaga buta sai na yamutsa fuska. Mako na biyar ina sunkuyawa zan jawo dilar shadda, kwankwasona ya riƙe gam. Kwana tara ina sallah a zaune. Abin da ya fi ci mini rai, a Asabar ɗin da ta gabaci ciwon ƙwallona ba ta ƙara ko taku ɗaya ba, sai ma ta koyi karkata dama tana shigewa cikin bishiyoyi. Hajiya ba ta ce komai ba, man zafi kawai ta miƙo mini, amma kallon da ta yi wa ƙarfen ya isa magana.

Likitan gashin da aka tura ni wurinsa yaro ne, bai fi sa'ar ƙanena na uku ba. Ya zaunar da ni a kujera, ya sa filo tsakanin gwiwoyina ya ce in matse, ya gicciya mini sandar mofa a kafaɗa.

"Alhaji, juya dama. Kada gwiwa ta motsa."

Na juya, ko in ce na yi niyyar juyawa. Wuyana ne kawai ya tafi, ƙirjin yana nan inda yake. Sai ya kwantar da ni ya kama ƙafata ta hagu yana murɗa cinyar zuwa ciki, nan ma ta cije tun ba a je ko'ina ba. Ya tambaye ni awa nawa nake zama a shago. Na ce daga goma na safe zuwa magariba, in ban da sallah.

Bayanin da ya yi mini shi ne abin da ya fi komai amfani a duk wannan tafiya. Ya ce gaɓoɓi biyar na ƙasan ƙashin baya an yi su ne don ɗaukar nauyi da sunkuyo, juyawarsu kaɗan ce ƙwarai. Juyi aikin mahaɗar cinya da ƙugu ne, da kuma gaɓoɓi goma sha biyu na sama waɗanda haƙarƙari ke manne da su. Zaman shago ya daskarar mini da waɗannan biyun. Da na ɗauko ƙarfe mai nauyi na tilasta wa jiki juyawa, sai wurin da ke tsakaninsu ya ɗauki aikin.

"Kwankwasonka bashin da bai ci ba yake biya, Alhaji," in ji shi. Ya san da ɗan kasuwa yake magana.

Ya ƙara da cewa ciwon baya ne kan gaba a raunukan 'yan golf, manya da ƙanana. Shahararren ɗan golf Tiger Woods da kansa an yi masa aiki a baya sau da dama, har aka haɗe masa gaɓoɓi biyu a 2017, kafin ya dawo ya ci gasar Masters a 2019. Ni kuwa ba ni da likitocin Tiger Woods.

Sauran karatun a wurin kadi na same shi, wato yaron da ke ɗaukar mini jakar sanduna. Ya fi ni iya wasan nesa ba kusa ba, kunya ce ta hana shi magana tun farko. Da na dawo fili bayan wata biyu na tambaye shi da bakina, sai ya ce, "Yallaɓai, ka taɓa kallon dambe?" Ya ce in lura da ɗan dambe in zai kai kwaf ɗaya: ƙafa yake fara dannawa a ƙasa, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, hannun da aka naɗe da zare shi ne na ƙarshen isowa. Haka mai faskare, haka mai wurga majajjawa. Ni kuwa da hannu nake farawa, ƙugu ya biyo baya kamar wanda aka tasa daga barci. Daga baya na ga masana sun auna wannan jerin da na'urori a jikin ƙwararru, har akwai cibiyar da kamfanin kayan golf na Titleist ya kafa a Kalifoniya a 2003 don nazarin jikin ɗan golf, kuma abin da suke koyarwa bai saɓa wa na kadina ba. Saukowar sanda daga sama zuwa kan ƙwallo wajen rubu'in daƙiƙa ne kacal. Ƙarfin da ba ya fitowa cikin wannan ƙiftawar ido ba shi da amfani a fili, ni kuma na shafe mako biyar ina koya wa jikina motsi a hankali.

Kayan da suka yi mini aiki daga nan ba su kai kuɗin man motar mako guda ba. Na fara da tsohon tif na mota da mai faci ya tsaga mini dogo-dogo. In ɗaure a ƙarfen taga, in tsaya a gicciye, in riƙe da hannu biyu a ƙirji in miƙar gaba, roba tana jan ni gefe ni kuma ina ƙin juyawa. Kallo ɗaya za ka ce wasan yara ne, amma kafin ka ƙirga ashirin cikinka ya ɗauki rawa. Wata kuma in zura a gwiwoyi in riƙa takawa gefe-gefe kamar ƙaguwa, har tsokar mazaunai ta ɗau zafi. Wannan tsokar ce ke tura ƙugu, kuma ita ce zaman kujera ya fi kashewa. Gargaɗi ɗaya: ranar Kano tana cin roba. Na bar tawa a taga kwana da kwanaki, wata safiya ta tsinke ta zabga mini bulala a kunne. Bayan nan na sayi ta ainihi a shagon kayan wasanni a Sabon Gari, kuma a ɗaki take kwana.

Wadda na fi so ita ce ƙwallon yashi. Tsohuwar ƙwallon ƙafar yara na ɗauka, shumeka ya farke ta, muka ɗura yashi a leda muka cusa, ya ɗinke. Kilo uku. In tsaya taku uku daga katanga, kafaɗar hagu na kallonta, in riƙe ƙwallon a gefen ƙugu na dama, in danna ƙafa, in juya, in maka ta da bango. Sau shida kowane ɓangare, in huta, in sake, sau uku. Daɗinta shi ne ba ta ƙarya. Idan da hannu ka jefa, ƙarar da za ka ji "ɗaf" ce, ta faɗi a gindin bango. Ranar da ƙugu ya riga hannu, ji na yi "tim", har kajin Hajiya suka watse, ban kuma ji na sa wani ƙarfi ba. Nan na gane abin da Baba yake yi shekara da shekaru. Filastar katangar dai ta zube, maƙwabcina ya aiko yaro ya tambaya ko gini muke rushewa, dole na koma jikin bangon gareji.

Don ƙafafu, jarkar ruwa mai lita 25 nake cikawa rabi in rungume, in tsuguna in miƙe. Shi ke nan.

Sai da na yi wata huɗu a haka, likitan gashi ya yarda, sannan na taɓa kayan Turawa. Ɗan yayata da ke karatu a Ingila ya zo mini da sandunan SuperSpeed, guda uku marasa kan bugu: koriya ta fi direba sauƙi da kashi 20 cikin ɗari, shuɗiya da kashi 10, ja kuma ta fi ta nauyi da kashi 5 kawai. Da na ga wannan kashi biyar ɗin na tuna bututuna da ya ninka direba wajen sau takwas, dariya ta kama ni ni kaɗai. Hikimarsu ita ce jiki ya ɗanɗani gudun da bai saba ba da sanda mara nauyi, sai ya riƙe wani abu daga ciki in ya koma ta gaske. Sau uku a mako ake yi, dama da hagu, ba ya wuce minti goma sha biyar. Matt Fitzpatrick, Baturen Ingila da ya ci US Open a 2022, da irin wannan horo ya ƙara nisan bugunsa, kodayake shi na wani kamfani mai suna The Stack ya yi amfani da shi.

A ganina, da canjin dala na yanzu, sandunan ba dole ba ne. Ka juya direbarka ka riƙe ta wajen kai ka kaɗa mariƙin, ka sami sanda mara nauyi kyauta. Abin da ya cancanci kuɗi shi ne 'yar na'urar auna gudun sanda da ɗan yayar tawa ya haɗo da ita, mai girman wayar hannu. Ba tare da ita ba kowa gani yake yana sauri. Ta nuna mini mil 84 a awa ranar farko. Ƙwararrun Amurka suna haura 110, kuma kowane mil ɗaya yana ƙara wajen yadi biyu da rabi idan an sami ƙwallon a tsakiyar sanda. Bayan wata bakwai na kai 92.

Kada kuma mutum ya auna kansa da hunturu. Ƙasa ta bushe ƙayau, ƙwallo tana sauka ta yi ta gangarawa, sai ka ɗauka ka zama gwani. Da damina ake sanin gaskiya, inda take faɗuwa nan take tsayawa. Da azumi kuwa na ajiye sandunan gudu gaba ɗaya, roba kawai nake ja bayan asham, don jikin da ba ruwa a zafin Maris da Afrilu ba abin tsananta wa ba ne.

Wata Asabar cikin Agusta, ƙasa a jiƙe, na buga a rami na farko, Baba ya buga. Muka taka tare. Ƙwallon da muka fara tararwa kadina ya duƙa ya duba lambarta, ya ɗago yana murmushi ya nuna Baba. Tawa tana gaba da taku huɗu. Baba ya tsaya ya dube ta, ya dube ni.

"To, Alhaji, barka. Me ka ci?"

Na ba shi labarin roba da ƙwallon yashi. Ya ce shi bai taɓa sayen komai ba, garka yake da ita a bayan gida yana sassabe da noma da hannunsa, kuma ba ya buga ƙwallon farko sai ya yi minti goma yana juya sandar tsintsiya a kafaɗa. Na tuna sau nawa na gan shi yana yin haka a wajen ajiye motoci ina ɗauka tsufa ne. Ramin dai shi ya ci, bugu huɗu ya yi, ni shida, don ƙwallona ta biyu a cikin yashi ta sauka.

Bututun Ƙofar Ruwa yana nan. Maigadi ne ya ɗauke shi, da shi yake tokare ƙyauren get in iska ta taso.