Shekara bakwai a gidan ba da bashi, ga abin da na fito da shi

Jumma'ar da ta wuce na miƙa makullin durowata na bar aikin mikrofinans, wato gidan ba da ƙananan basussuka, a nan Garwa, arewacin Kamaru. Waɗanda muka yi aiki tare sun san dalili, sauran kuma bari in ba ku labari ɗaya ya isa.

Akwai wata Inna mai sayar da busasshen kifin Lagdo a babbar kasuwa, ta zo neman bashin sefa dubu 300. Kwantiragin shafi huɗu ne duk da Faransanci, ta kalle ni ta ce "ɗana kai ka yi lakwal, karanta min, ni dangwale kawai na iya". Na ce mata ruwan biyu cikin ɗari ne a wata, kamar yadda aka koya mana mu faɗa, ban gaya mata kuɗin dosiye (buɗe fayil) da inshora da ajiyar dole da za a cire tun kafin kuɗin su shiga hannunta ba, ban gaya mata ruwan a kan dubu 300 ɗin ake lissafa shi har ƙarshe ko ta biya rabi ba, tarar makara kuma ko ambatonta ban yi ba. Na tura mata tawada ta dangwala. Damina ta zo kasuwa ta tsaya, wata takwas bayan nan muka je da takarda muka ɗauke babur ɗin ɗanta da aka sa jingina, da shi yake kabu-kabu yana ciyar da gidan. Ba ta zage ni ba, ba ta yi Allah ya isa ba. Cewa kawai ta yi "ɗana ai ka ce min biyu ne". Wallahi har yau idan na bi ta layin masu kifi kaina a ƙasa yake.

Abin da ya fi ƙona min rai, doka tana nan. Kamaru tana da dokar kare mai saye tun 6 ga Mayu 2011, a 2020 kuma CEMAC, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen tsakiyar Afirka, ta fitar da ƙa'ida ta musamman kan kare abokan hulɗar bankuna, kuma dole ne a nuna wa mai karɓar bashi TEG, wato ainihin tsadar bashin idan an haɗa komai da komai. Na kai wa patron, wato shugabanmu, maganar, ya ce "in ka faɗa musu TEG wa zai ɗauka? COBAC tana Libreville, mu muna Garwa" (COBAC ita ce hukumar da ke sa ido kan bankuna da gidajen bashi a ƙasashen CEMAC). Shi da takwarorinsa kuwa ba sa gajiya da hanyar Yawunde, duk lokacin da aka ji za a tsaurara wani abu sai sun je kamun ƙafa, a ƙara musu lokaci, a sassauta nan a sassauta can, ya dawo yana mana alfahari da wanda ya ci abinci da shi. Inna wa ta sani a Yawunde?

Da na zaci cutar tamu ce kaɗai, sai na fara karanta na Amurka. Bayan rikicin kuɗi na 2008 sun kafa hukumar CFPB mai kare abokan hulɗar bankuna da masu ba da bashi, da dokar Dodd-Frank ta 2010. A 2017 hukumar ta kawo ƙa'idar da za ta ba kwastomomi damar haɗuwa su kai banki kotu, bankuna suka tashi haiƙan, majalisar dattawa ta yi kunnen doki 50 da 50, mataimakin shugaban ƙasa Mike Pence ya kaɗa tasa aka soke ta. A 2025 ma majalisa ta soke wadda za ta rage tarar cire kuɗi fiye da abin da ke cikin asusu zuwa dala 5 a manyan bankuna. Can ma akwai 'yan majalisar da suka tsaya suka yi ta faɗa, amma masu kuɗi sun fi su 'yan aike. Mu nan da aka sa harajin 0,2% kan tura kuɗi ta waya a 2022, surutun Facebook bai hana komai ba.

Sauran darussan, ga masu irin wannan aiki, gajeru ne. Kada ka sa hannu a dosiyen da ba kai ka bincika ba. Umarnin baki ka nemi a rubuta maka shi, ranar da masu bincike suka zo patron ba zai san ka ba, ni an yi min. Ajiye kofin komai a gida.

Shekara biyun ƙarshe duk wanda ya zauna gabana sai na rubuta masa jimillar abin da zai biya a bayan takarda, da Hausa ko Fillanci, da yawa sun tashi sun fasa. Saboda haka aka hana ni firim, wato kuɗin ihisani, sau uku, aka ba yaron da ni na koya wa aiki kujerar shef d'ajans, wato shugaban reshe. Kuɗin hutuna na bara ma har yanzu ba su biya ni ba, Litinin zan kai takarda wajen sufeton ƙwadago.