Notin Bodin A-Kori-Kura Ba Ya Son Gaggawa

Noti shida ne ko takwas ke riƙe da bodin a-kori-kura, wato bayan motar da ake loda kaya, a kan shasi, ƙarfen da ke ɗauke da motar, gwargwadon irinta. Wanda bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ba zai ɗauka aikin ɗan lokaci ne, amma a garejin da na koyi aiki a Kano, noti ɗaya tak kan cinye mana yini guda.

Yawanci famfon mai ke sa mu ɗaga bodi, domin ta sama ake isa gare shi a cikin tanki, kuma ɗaga bodin ya fi sauke tanki cike da mai sauƙi. Wani lokacin kuma shasin ne ke son walda.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne, tarihin mota a jikin notinta yake. Hilux ɗin da ta yi rayuwarta a nan Arewa, laka da ƙura kawai za ka kankare. Wadda ta sha dakon taki ko gishiri, ko 'yar Beljiyam da ta fito daga ƙasashen da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, za ka tarar tsatsa ta haɗe noti da mazauninsa kamar an yi musu walda. Irin wannan ba ƙarfi yake so ba. Maigidanmu ba ya barin yaro ya taɓa sifana sai ya goge zaren notin da burushin ƙarfe, ya zuba maganin tsatsa ko kananzir, ya ɗan bubbuga kan notin da guduma, ya bar shi ya jiƙa. Sannan a ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan kafin a fara kwancewa, a yi gaba a yi baya. Da soket mai kusurwa shida, sifanar da ke rufe kan noti gaba ɗaya, ake kama shi. Buɗaɗɗiyar sifana suɗe kan take yi.

Hannu ne ke koyon sauran. Notin da ya yarda yakan yi ƙara ya saki. Wanda zai karye kuwa laushi yake yi, ka ji yana juyawa babu nauyi. Da ka ji haka ka tsaya, domin a wasu motocin mazaunin notin a manne yake cikin shasi, inda sifana ba ta kaiwa. Idan ya ɓalle, sai ya yi ta juyawa tare da notin, aikin ya koma yanka da huda.

Masu saurin ɗauko wuta su gasa noti, ban yarda da su ba in tanki na nan. Tururin fetur ba ya jiran a yi masa bayani.

Kafin majiya ƙarfi huɗu su kama kusurwa huɗu, a cire wayar fitilun baya, a kwance bakin tanki daga jikin bodin, a lura da robobin da ke tsakanin bodi da shasi, kowace da gurbinta. Wajen mayarwa, kowane noti a fara shigar da shi da hannu, ba a ɗaure ko ɗaya sai duka sun hau zarensu, in ba haka ba ramin ƙarshe ba zai yi daidai ba. A kuma shafa musu giris, saboda bakaniken da motar za ta faɗa hannunsa nan gaba.