Masuncin da ya fi son ƙaguwa

Asabar, Kuala Selangor, Malesiya.

Tun da hantsi na zauna a kan gadar katako da ta ratsa dajin bakin teku, inda saiwoyin itatuwa ke tsaye a sarari kamar ƙafafun gizo-gizo. Ruwa ya janye, sai taɓo baƙi wuluk mai warin gishiri da ruɓaɓɓen ganye. Sauro kuwa ba a magana.

Kukan tsuntsun da na zo nema, wani tsuntsu masunci da ake kira "collared kingfisher" da Turanci, na fara ji, "kek-kek-kek", mai kaifi, babu daɗi ko kaɗan. Can na hango shi bisa wani busasshen reshe: baya shuɗi mai sirkin kore, ciki fari fat, ga farin zobe a wuya kamar ya yi rawani ya zame. Tsawonsa bai wuce santimita 25 ba, amma bakin nan ya yi masa girma.

Na zo ne da niyyar ganin tsuntsu masunci ya faɗa ruwa ya fito da kifi. Ashe a sunan kawai kifin ya tsaya. Ya yi shiru ya ƙura wa taɓo ido, har na fara hamma. Kwatsam ya sauko kamar an jefo dutse, ya cafke wata 'yar ƙaguwa, irin masu hannu ɗaya ƙato, ya koma reshensa. Nan ya dinga gwara ta da itace, fau, fau, sai da ta daina motsi, sannan ya haɗiye. Sau uku ya yi haka a gabana. Na huɗun fara ce ya tsinto daga ciyawar gefe.

Abincinsa ke nan: ƙaguwa, jatan lande, ƙwari, ƙadangaru ƙanana, kifi sai in ya faɗo. Shi ya sa janyewar ruwa ce lokacin cin kasuwarsa. Danginsa sun bazu daga gaɓar Bahar Maliya har Indiya, Indunisiya da Filifin, kuma ba sa ƙin lambu ko gonar kwakwa idan teku na kusa.

Abin da ya fi burge ni gidansa ne. Yakan fafe gidan gara da ke manne a jikin itace ya yi ƙwai a ciki, ko ya samu kogon itace. Na ga wani dunƙulen gara mai rami, na tsaya jira, ba wanda ya leƙo.

Wajen azahar ruwa ya fara dawowa, ƙaguwoyi suka shige ramukansu. Shi ma ya yi kukansa sau ɗaya ya ɓace cikin ganye. Na taso ƙafafuna duk kumburin cizon sauro.