Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Rim ɗin Keken Malam

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan tarihi. A makon jiya mun tsaya a inda maigidana ya fara barina in taɓa kekuna masu giya, bayan na daɗe ba ni da aiki a shagon sai faci da wankin kaca da kananzir.

Shi maigida a kan kekunan da ya ƙware, su Raleigh da Phoenix masu rim ɗin ƙarfe da birkin sanda. Ko ido a rufe zai ɗaura maka wilin Raleigh, sifok 32 a gaba, 40 a baya. Amma lokacin da nake ba ku labari kasuwa ta juya. Wajen 2014 kamfanonin Turai da Amurka sun koma ƙera kekunan hawan dutse masu wili inci 27.5 da inci 29, sai masu inci 26 da aka daina yayi suka riƙa kwararowa cikin kayan gwanjo. A nan Jos kuwa sun sami gida, don garin ba ya rasa hawa da gangara.

Akwai wani malamin sakandare, mutum ne kakkaura mai jiki, duk Asabar sai ya hau kekensa ya nufi duwatsun Shere. Wata ranar Litinin ya shigo yana turo keken, wilin baya ya lanƙwashe har yana gugar firam. Na duba, rim ɗin alminiyam ne mai bango ɗaya, dutse ya lotsa gefensa, kuma ramukan sifok biyu sun tsage. Wanda ya lanƙwashe kawai ana iya lallaɓa shi ya miƙe. Wanda ya tsage a bakin rami kuwa ya gama aiki.

Malam ya zaro waya ya nuna wa maigida hoton wani rim na kabon, wato wanda aka yi da zaren kabon maimakon ƙarfe ko alminiyam, inci 29, da ya gani a intanet. Ya ce, "Baba, irin wannan nake so, an ce ba shi da nauyi ko kaɗan, ko nawa ne zan yi oda."

Maigida ya kalli hoton, ya mayar masa da wayar. "Malam, Allah ya ƙara buɗi, amma wannan ba na kekenka ba ne." Sai ya juyo gare ni. "Kai yaro, aikinka ne. Ka nemo rim, ka kawo in gani kafin ka sa sifok ko ɗaya."

Gabana ya faɗi, amma daɗi ya fi yawa.

Maganar girma ba ta ɗauki lokaci ba. A jikin kowane rim akwai lamba: 559 na inci 26 ne, 584 na 27.5, 622 na 29. Firam ɗin Malam na 559 ne, babban wili ba zai shiga ba, kuma ko ya shiga robar birki ba za ta sami inda za ta kama ba. Birkinsa irin mai matse gefen rim ne, ba mai faifai ba, don haka dole rim ɗin ya zo da shafaffen gefe da aka yi don birki. Yawancin sababbin rim na zamani ba su da wannan gefen, na birkin faifai ne zalla. Hob ɗinsa na Shimano, wato cibiyar wilin da sifok ke kamawa, lafiyarsa ƙalau, ramukansa 32, saboda haka duk rim mai rami 36 na ajiye shi gefe komai kyansa.

Inda na daɗe ina juya tunani shi ne faɗin ciki. Tsohon rim ɗin Malam milimita 17 ne, tayarsa kuma inci 2.1. Idan aka ɗora faffaɗar taya a kan siririn rim, sai ta kumbura sama ta rasa gindin zama. In ka rage iska don ta kama dutse, a kwana sai ta riƙa kwanciya gefe, in kuma ka daki kaifin dutse rim ya ciji tib ya bar maka huji biyu jere da juna. In ka cika iska don gudun wannan, keken ya riƙa tsalle a kan tsakuwa. Malam ya sha kawo mana tib mai irin wannan huji biyun, ni na riƙa yi masa faci, shi ya sa na san ciwon ba daga ƙaya yake ba. Na ƙudurta sai na samo mai faɗin ciki sama da milimita 20, kuma mai bango biyu, wanda cikinsa yake kamar kwalin ashana, ga ƙasa ga rufi, shi ne ke jure duka.

Na zaga wajen masu kekunan gwanjo, na tono tarin wili. Sayen rim ɗin hannu sai da haƙuri. Kowanne na ɗauka sai na goge shi da tsumma, in bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da farce ina neman tsaga. In kara bakin rula a gefen birki: in haske ya ratsa ta tsakiya, birki ya cinye bangon, wata rana zai fashe da mutum a gangara. Wanda ya tsallake wannan sai a kwance shi daga sifok a kwantar a kan shafaffen siminti, a ga ko wani gefe ya ɗaga. Na sami wani Mavic ɗan Faransa, kyakkyawa marar nauyi, har na so shi a raina, amma siriri ne kuma ramin bawul ɗinsa ƙarami. Wannan ma abin dubawa ne a wurinmu. Tib mai siririn bawul wuyar samu gare shi, kuma in iska ta sauka a ƙauye, famfon mai faci na bawul irin na mota ne.

Daga ƙarshe na faɗa kan wani Sun Rhyno Lite, 559, rami 32, bango biyu, kowane rami da zoben ƙarfe a bakinsa don kada kan sifok ya ci alminiyam. Faffaɗa ne, ramin bawul babba, gefen birkinsa ko rabi bai ci ba. Nauyi kam yana da shi, ba zan ɓoye ba.

Maigida ya karɓa, ya ɗaga shi sama ya kalli mahaɗinsa, ya ƙwanƙwasa da sifana. Ya ce, "Me ya sa ka bar marar nauyin ka ɗauko wannan?"

Na ce, "Baba, Malam yana da jiki, kuma wilin baya ne, shi ke ɗaukar nauyi. In wannan ya daki dutse lotsawa zai yi, mu miƙe shi a nan. Kabon in ya tsage ba mu da abin da za mu yi masa."

Bai ce na yi daidai ba, shi ba ya faɗin haka. Ɗan mabuɗin sifok ɗinsa da ba ya bari kowa ya taɓa ya ciro daga aljihu ya miƙo mini.

Malam bai ji daɗi ba da farko, ya auna rim ɗin a hannu ya ce ai wannan ya fi tsohon nauyi. Maigida ya ce, "Ka hau shi wata guda, Malam. In ka dawo da huji biyu, kuɗinka na nan." Har yau ina ganin wannan zaɓin shi ne daidai ga duk mai hawan duwatsunmu da keken inci 26. Rim marar nauyi na masu tsere ne da ake canja musu kaya duk kaka, mu kuwa abin da zai kai mutum Shere ya dawo da shi gida muke nema.

Sai dai wata matsalar ta taso. Sabon rim ɗin zurfinsa ba ɗaya ba ne da tsohon, don haka tsofaffin sifok ɗin Malam tsawonsu bai yi ba, kuma a wilin baya na ɓangaren giya sun fi na ɗaya gefen gajarta. Yadda maigida ya koya mini auna tsawon sifok, da yadda na kwana ina ɗaurin giciye uku, shi ne labarinmu na mako mai zuwa in Allah ya kai mu.