Samfurin da aka hana ni taɓawa

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a shagon da na yi shekaru ina zana allon lantarki, wato faifan da ake jera ƙananan kayan wuta a kansa cikin na'ura, a Accra. Ƙannena da suka shigo bayana sun sha tambayata me ya sa nake daɗewa a shafin dokokin zane kafin in ja ko layi ɗaya na jan ƙarfe. Ga dalilin, kuma waɗanda suka san shagon za su gane wanda nake nufi ba sai na kama suna ba.

Muna da wani tsohon fayil na samfuri a KiCad, manhajar zana allon lantarki, wanda duk sabon aiki daga shi ake farawa. An yi shi ne don na'urar cajin batir ta sola mai bolt 12. Tazarar da ke tsakanin layuka milimita 0.2 ce, wato abin da manhajar ke zuwa da shi tun asali, ramukan ƙusa suna wurinsu, tambarin shago yana kusurwa. Ga aikin bolt 12 ba shi da aibi, ya fitar da mu kunya sau da yawa.

Sai aka kawo mana odar allon da zai riƙa sauya wuta tsakanin ta ECG, kamfanin wutar Ghana, da ta inbata. Wutar gida a Ghana bolt 230 ce, kuma ƙololuwarta tana kaiwa kusan 325. Ƙa'idar zana allo ta IPC-2221 ta ce tsakanin bolt 301 zuwa 500, jan ƙarfen da ke fili ba rufi yana buƙatar tazarar milimita 2.5. Ƙafafun rilai, makunnin da ke sauya wutar, kuwa a fili suke, dalma ce kawai a kansu. Na samu maigidan na ce, “Masta, samfurin nan na ƙaramar wuta ne, a ba ni dama in ware layukan babbar wuta a rukuninsu daban, in faɗaɗa tazara, in sa a yanke rami a ƙarƙashin rilai.” Bai ɗago kai ba ya ce, “DRC ya nuna kuskure?” Na ce a'a. Ya ce, “To kai ka fi kwamfuta sani ne? Tura fayil, mai kaya yana jira.” Ya kuma hana a ƙara girman allon saboda ya riga ya sayo akwatunan roba a Zongo Lane.

Abin da ya ƙi saurara shi ne, DRC, mai duba dokokin zane a cikin manhajar, ba ya sanin wutar da za ta bi layi. Dokar da ka ba shi kawai yake aunawa. In ka gaya masa 0.2 ta isa, zai duba layin bolt 230 da ke maƙwabtaka da ƙafar ƙaramin cif ya ce lafiya lau. Kamar a ba tela awon ɗan yaye ne a ce ya ɗinka wa ango riga.

Allunan suka iso daga Sin, muka haɗa, suka yi aiki a kan tebur. Suka kuma yi aiki a gidajen mutane har hunturu ya wuce ya bar ƙurarsa a cikin akwatunan. Da damina ta kama, danshin iskar teku ya jiƙa ƙurar nan, sai suka fara dawowa. Na buɗe ɗaya da aka kawo daga Nima: tsakanin ƙafafun rilai biyu akwai baƙin layi siriri kamar an ja da gawayi, koren fentin ya kumbura, warin ƙonannen roba ya cika hanci. Wuta ta yi wa kanta hanya a saman allon. Da allo ya ƙone haka ya zama gawayi, shi kansa yana ɗaukar wuta, ba gyara sai jefarwa.

A gaban mai kayan Masta ya juyo ya ce, “Wa ya zana wannan?” Ya san amsar, ya kuma san wa ya ba da umarni. Na yi shiru saboda girmansa, aka cire kuɗin wasu allunan daga albashina. Har yau bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban manta ba.

Daga nan na zauna na raba samfurin gida uku: na ƙaramar wuta, na babbar wuta, da na allon da ke ɗaukar amfiya da yawa, inda layukan batir suke da faɗi. A kowanne na rubuta kamfanin buga allo da aka yi dokokin dominsa, kaurin allo milimita 1.6, jan ƙarfe oza ɗaya wato maikiron 35, da ranar da na duba iyakokin kamfanin na ƙarshe, don suna sauyawa. Tun KiCad 6 da ya fito a ƙarshen 2021 ana iya rubuta doka ta musamman ga rukunin layuka, a kuma jawo saiti daga wani allo ba tare da kwafo tarkacensa ba. Ku yi amfani da wannan maimakon goge tsohon aiki ku zana a kansa.

Ku auna sawun ƙafafun kowane kayan da kuka sayo a kasuwa kafin ku yarda da na laburaren manhajar. Ku buɗe fayilolin Gerber, waɗanda kamfani ke buga allo da su, da idonku kafin turawa. In aka ba ku umarnin da kuka san zai ƙona allo, ku nemi a turo muku shi a WhatsApp.

Samfuran uku suna nan a kwamfutar shago, da su ake fara kowane aiki yanzu, kuma tun da aka koma kansu ba allon babbar wuta da ya dawo a ƙone. Na ji Masta yana gaya wa wani baƙo cewa tsarin da ya kawo ne.