Mota biyu, lamba ɗaya

Asabar da dare, Bauchi.

Ko karyawa ban yi ba ƙanena ya kira ni. "Yaya, don Allah ka fito, an samo min mota, yau mai ita zai bar gari." Shekara uku yaron nan yana adashe da tarin canji don ya rabu da hawa acaɓa, shi ya sa ban yi masa musu ba. Na ce ya jira ni a Wunti, amma sai mun biya mun ɗauki bakaniken da ke gyara min tawa. Ya ɗan yi ƙunƙuni, wai ɓata lokaci ne.

Motar tana wani fili a hanyar Jos. Corolla ce samfurin 2010, ruwan toka, an wanke ta tas har tayoyin suna ƙyalli. A lokacin irinta a kasuwa ba ta kasa miliyan bakwai, amma dillalin ya ce biyar da rabi an sallama, mai ita matsuwa ce ta kama shi. Lambarta ta fara da BAU, rubutu shuɗi irin na motar gida, ga tutar ƙasa, ga taken jiharmu a sama. Ba abin da ido zai kushe. Takardu ma ya miƙo su cikin leda, da na kwastan da na shaidar mallaka da inshora.

Ni da nake ganin na waye, na zaro waya na shiga shafin Hukumar Kiyaye Haɗurra inda ake tantance lamba. Na rubuta, amsa ta fito cewa lambar sahihiya ce, kuma Toyota Corolla aka ba wa. Na nuna wa ƙanena, ya washe baki. Dillali ya ce, "Alhaji, ai na faɗa maka, mu ba ma harkar banza. A ba da kafin alƙalami kawai."

Duk wannan hidimar bakanike bai ce uffan ba. Yana tsugune a gaban motar yana murza kusoshin da suka riƙe lambar. Can ya ce, "Malam, lamba ta sha rana, amma notinta sabo ne fil." Dillali ya ce ai tsohon ne ya yi tsatsa. To, yana yiwuwa. Sai bakanike ya buɗe ƙofar direba ya duba ginshiƙin da kamfani ke manna takardar bayanin mota. Babu ita, sai shatin gam. Ya haska tocila ta gindin gilashin gaba, lambar shasin da ke wajen, wato lambar da kamfani ya ba motar, ta yi daidai da ta takarda, harafi da adadi 17 cif, ta fara da 2T1. Ya ce wannan alamar ƙirar Kanada ce, kuma harafi na goma A ne, wato 2010. Har na fara jin kunyar dillalin.

Daga nan bakanike ya ɗauko 'yar na'urarsa ya jona a ƙarƙashin sitiyari, don ƙwaƙwalwar motar ma tana riƙe da lambar shasinta. Abin da ya fito a allo ya fara da 1NX. Ƙirar Amurka ke nan, kuma sauran adadin ko kusa ba su haɗu da na takarda ba. Ya miƙo min ya yi shiru.

Dillali ya ce wataƙila an taɓa canza ƙwaƙwalwar ne, kuma gaskiya ana canzawa. Bakanike ya ce ba laifi, a kira mai motar ya zo da katin shaidarsa, mu ɗunguma tare zuwa ofishin lasin a duba sunan da ke rajista, sannan a biya wajen 'yan sanda su duba ko an taɓa kai cigiyarta. Nan take waya ta kama dillali. Ya koma gefe yana magana ƙasa-ƙasa, ya dawo ya ce mai motar ya fasa sayarwa. Ban isa in rantse cewa ya san abin da ke ciki ba, wasu dillalan la'adarsu kawai suke hange. Amma fasawar nan ta ishe ni amsa.

A hanyar dawowa bakanike ya warware mana yadda ake yi. In mota ta sata ce, ko an shigo da ita ta ɓarauniyar hanya ba a biya kuɗin kwastan ba, sai a nemo mata tagwaiyarta, wata mota mai gaskiya iri ɗaya, shekara ɗaya, fenti ɗaya. A kwafi lambarta a buga a wani farantin, a haɗa takardun bogi da bayananta. In sun samu lambar shasinta, wadda kowa zai iya leƙawa ta gilashi a inda aka ajiye mota, ita ma su buga su liƙa. Shi ya sa shafin ya ce min lamba sahihiya ce. Bai yi ƙarya ba. Tambayar da na yi masa ita ce ko akwai wannan lamba, ya ce akwai. Ban tambaye shi ko motar da ke gabana ce mai ita ba, shi kuma ba ido gare shi ba.

Da ƙanena ya biya, ranar da asiri ya tonu a wani shingen bincike, mota za ta tafi, kuɗi sun riga sun tafi, sannan shi ne zai tsaya yana bayanin yadda kayan sata suka zo hannunsa, alhali wanda ya sayar masa ya kashe layi. Shi dai Allah ya tsare shi. Wanda ya tsaya min a rai shi ne bawan Allahn da ke da lambar ta asali. Yana nan wani wuri, ko Yelwa ko Fadamar Mada, yana kai yara makaranta, bai san wata mota na yawo da sunansa ba. In ta buge mutum ta gudu, ko aka yi fashi da ita wani ya haddace lamba, ƙofar gidansa za a ƙwanƙwasa. In ta gangara Legas, inda kyamarorin titi ke karanta lamba su aika tara, shi za a rubuta wa bashin garin da ƙila bai taɓa takawa ba. Bayan la'asar mun je mun ba da rahoto, da hoton motar da na allon na'urar. An rubuta, an karɓi lambar wayata.

Ƙanena bai ci abincin dare ba, yana zaune a falo kamar wanda aka yi wa rasuwa. Uwargida ce ta ce da ni, "Kai ma Malam, ba kai ne ka sa hoton taka a Facebook ranar sallah ba, lamba ɓaro-ɓaro?" Na duba, haka ne kuwa, har hotuna huɗu, ɗaya ma tun shekarar da na saye ta. Tawa ma Corolla ce, kuma ruwan toka, irin wadda ta cika garin nan. Na goge uku. Na huɗun da Baba marigayi a jingine da bonet, shi na yanke ƙasansa kawai na mayar.