Wasiƙa daga Alabama: yadda ake raba 'yan mata a gidajen sororiti

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena. Da fatan damina ta yi albarka. Mu nan lafiya lau, sai zafin Agusta mai toshe numfashi.

Tun da bidiyoyin nan suka fara yawo a TikTok a 2021 ake damuna da tambaya a WhatsApp: 'yan matan da ke ihu suna gudu da ambulan a hannu, me suka ci? Iyayen da 'ya'yansu suka samu gurbin karatu a Amurka kuwa tasu tambayar ta fi nauyi: anya ba ƙungiyar asiri ba ce? Zan amsa duka biyun, in wuri ya rage in taɓo batun kuɗi da na 'ya'yanmu Musulmi.

Ba ta asiri ba ce. Sororiti ƙungiyar ɗalibai mata ce da jami'a ta san da zamanta, gidanta na bakin titi, sunanta da haruffan Girka a goshin ginin. Ba na cewa babu abin ƙi a ciki. Ana shagulgula da giya, ana kuma samun labarin cin zalin sababbin shiga duk da an haramta shi. Ƙungiyoyi 26 ne ke ƙarƙashin uwar ƙungiya mai suna National Panhellenic Conference, wadda aka kafa a 1902, kuma ita ke shimfiɗa dokar ɗaukar sababbi.

A Jami'ar Alabama da ke nan Tuscaloosa, 'yan mata sama da 2,000 ne ke shiga neman a shekara, kafin ma a fara darasi. Za ka gan su a layi ƙofar gida cikin rana tsaka, kowacce da 'yar fankar hannu, takalmin ƙwalisa a jaka, silifas a ƙafa. Ƙofa na buɗewa sai tafi da waƙa su tashi daga ciki, a ja su ɗaya bayan ɗaya a yi hira ta ɗan lokaci, a fito a nufi gida na gaba. Kowane rukuni na da jagora, wata babbar ɗaliba da ke ɓoye sunan gidanta har a gama don kada ta karkatar da kowa.

Zagaye-zagaye ake yi. A na farko yarinya ta ga duk gidajen, bayan haka adadin da za ta iya komawa ya yi ta raguwa. In an tashi kowane zagaye ita ta jera gidajen daga wanda ya fi kwanta mata, su ma gidajen su jera 'yan matan. Kwamfuta ta haɗa jerin biyu, da safe a miƙa wa kowacce takardar gidajen da suka sake gayyatarta. A nan kuka ke yawa. Gidajen da aka fi rububi su ne ke sallamar mutane da yawa tun da wuri, kuma ba don girman kai kaɗai ba. Akwai lissafin da ake kira RFM, wanda aka fara aiki da shi a 2003, da ke tilasta musu hakan. Kafin zuwansa babban gida kan riƙe 'yan mata fiye da gurbinsa har zagayen ƙarshe, sannan ya zubar da su a lokacin da sun riga sun juya wa ƙananan gidaje baya, su tashi a tutar babu. A ganina ƙin da wuri rahama ce, ko da yake yarinya 'yar 18 ba za ta ga haka ba a safiyar da abin ya same ta.

To ga inda nake so ku natsu. Zagayen ƙarshe yawanci gida biyu ne kawai. Yarinya na fitowa za a zaunar da ita ita kaɗai, ba uwa ba ƙawa, a ba ta wata takardar yarjejeniya ta jera gidajen biyu ta sa hannu. Wannan takardar tana ɗaure mutum. In ta rubuta gida, aka ba ta shi, ta ce ta fasa, to ba ta da damar shiga wani gidan a jami'ar sai ɗaukar shekara mai zuwa. In kuma ta rubuta ɗaya tak ta bar ɗayan, ta rasa kariyar da ake ba wadda ta rubuta duka, wato a ƙara mata gurbi ko da kason gidan ya cika.

Kason nan ba ɓoyayyen abu ba ne. A ce 'yan mata 1,000 suka sa hannu, gidaje kuma 10, to kowane gida zai ɗauki kusan 100. Kwamfuta na fara duba zaɓin yarinya na farko. In sunanta na cikin ɗarin farko a jerin gidan, magana ta ƙare. In yana ƙasa, sai ta jira waɗanda ke samanta da suka fi son wani gidan su fice, sunanta ya hau. In bai kai ba a koma zaɓinta na biyu. Duk wanda ya taɓa cike zaɓi na ɗaya da na biyu a fom ɗin JAMB ya san fargabar. Abin da ke ba ni haushi shi ne jita-jitar da 'yan matan ke yaɗawa tsakaninsu, wai rubuta gida ɗaya na nuna wa kwamfuta da gaske kike. Ƙarya ce. Rubuta na biyu ba ya rage miki komai a na farko. Ki rubuta wanda kika fi so a sama, ki ƙara duk wanda za ki iya zama a cikinsa, wanda kika san ba za ki shiga ba kada ki sa hannu a kansa. Kuma ki karanta takardar tun kafin ranar, don a gajiye ake kai ki ɗakin.

Masana tattalin arziki ma sun leƙa wannan tsari. Susan Mongell da Alvin Roth sun yi nazarinsa a 1991, suka ga 'yan mata da yawa a lokacin gida ɗaya suke rubutawa. Roth ɗin nan shi ne ya gyara tsarin da ake raba sababbin likitoci a asibitocin Amurka, ya kuma samu kyautar Nobel a 2012 tare da Lloyd Shapley.

Washegarin sa hannu ake tara 'yan matan a filin ƙwallo na Bryant-Denny, a ƙirga, su buɗe ambulan mai ɗauke da sunan gidan da aka ba kowacce lokaci guda su ruga gidajensu. Bidiyon da kuke gani ke nan.

Sai dai kwamfuta abin da aka ba ta take lissafawa. Jerin gida mutane ne ke rubuta shi. A 2013 jaridar ɗalibai ta nan, The Crimson White, ta fallasa yadda tsofaffin membobi ke hana a ɗauki baƙar fata, kuma sai bayan wannan rahoton aka buɗe ƙofa sosai. An samu sauyi, amma 'yarmu mai hijabi ta shiga da sanin cewa za ta iya zama ita kaɗai a layin. Ƙungiyoyin da baƙaƙen Amurka suka kafa, irin su Alpha Kappa Alpha da aka kafa a Jami'ar Howard a 1908, wadda Kamala Harris ke ciki, ba sa bin wannan tsarin sam, hanyar ɗaukarsu daban ce. Akwai kuma wasu na mata Musulmi a 'yan jami'o'i ƙalilan.

Batun kuɗi sai wasiƙa ta gaba. A nan dubban daloli ne a zangon karatu ɗaya, ban da kuɗin makaranta, don haka ku sa yarinya ta turo muku takardar kuɗin gidajen kafin ta yi rajista. A gaida mutanen gida.